Sansanin 'Yan Mazan Jiya na Sawtelle: Tarihin Amanar da Jama'a Suka Hana a Sayar

Gabatarwa

A fitowar bana na ga ya dace mu leƙa wata ƙasa mai nisa domin mu ga yadda jama'a suka tsaya kai da fata wajen kare filin da aka bari amana. Filin yana unguwar Sawtelle, a yammacin birnin Los Angeles na jihar Kalifoniya ta Amurka.

Asalin sansanin

A watan Maris na 1865, ana dab da kammala yaƙin basasar Amurka, Shugaba Abraham Lincoln ya sa hannu a dokar kafa gidajen kula da sojojin da suka nakasa a fagen fama. A 1888 wasu attajirai biyu, Sanata John P. Jones da Uwargida Arcadia Bandini de Baker, suka ba gwamnati kyautar eka 300 bisa sharaɗin a gina wa tsofaffin sojoji mazauni, kuma a ci gaba da riƙe shi har abada. Wannan kyauta ta yi kama da abin da muke kira waƙafi.

Sannu a hankali wurin ya zama gari sukutum, da ɗakunan kwana da asibiti da gonaki da maƙabarta, har da wurin ibada da aka gina a 1900. Dubban tsofaffin sojoji sun ƙare rayuwarsu a nan cikin mutunci. Bayan girgizar ƙasa ta 1971, wadda ta raunana wasu gine-gine, hukuma ta fara kwashe mazauna, ta mai da hankali ga harkar asibiti. Ɗakuna suka zama kufai, alhali unguwannin da ke kewaye, irin su Brentwood da Westwood, sun zama na masu hannu da shuni. Darajar filin mai eka 388 ta yi tashin gwauron zabo, idon 'yan kasuwa ya koma kansa.

Gwagwarmayar hana sayarwa

A tsakiyar shekarun 1980 gwamnatin Shugaba Ronald Reagan ta yi niyyar sayar da eka 109, wai rara ce. Maƙwabta da ƙungiyoyin tsofaffin sojoji suka ce ba za ta saɓu ba. Suka yi taruka, suka matsa wa wakilansu lamba, har majalisar ƙasa ta yi doka a 1988, bisa jagorancin Sanata Alan Cranston, ta haramta sayar da wannan yanki. Da batun kasuwanci da filin ya sake tasowa, Sanata Dianne Feinstein da ɗan majalisa Henry Waxman suka tsaya a 2007 har haramcin ya game filin baki ɗaya.

Sai dai tsugune ba ta ƙare ba. An toshe ƙofar sayarwa, amma ta haya tana buɗe. Jami'ar UCLA na da filin wasa a ciki, wata makarantar kuɗi ta Brentwood ta shimfiɗa filayen motsa jiki, akwai wuraren ajiye motoci, da wurin wankin kayan otal, har da masu haƙar mai. A daidai lokacin, Los Angeles ta yi ƙaurin suna da yawan tsofaffin sojoji masu kwana a titi. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi. Ya kamata kuma a faɗi gaskiya: burin wasu maƙwabta shi ne su samu lambun shan iska, su tsira daga cunkoso, yayin da bukatar sojojin ita ce wurin sa haƙarƙari.

Daga 2008 wasu dattawan sojoji suka riƙa taruwa a ƙofar sansanin kowace Lahadi ɗauke da tutoci da alluna. A 2011 lauyoyin kare haƙƙin jama'a suka shigar da ƙara, a 2013 alƙali ya ce yarjejeniyoyin haya da dama sun saɓa wa doka. Aka yi sulhu a 2015, hukuma ta yi alkawarin gidaje 1,200 a tsarinta na 2016. Aiki ya yi tafiyar hawainiya, har sojoji suka kafa tantuna a jikin shingen filin da aka ba su kyauta, kafin a tashe su a Nuwamba 2021. Aka koma kotu a 2022. A Satumba 2024 Mai Shari'a David O. Carter, wanda shi ma tsohon sojan yaƙin Biyetnam ne, ya umarci a ƙara gidajen dindindin 1,800 da na wucin gadi 750, ya kuma soke wasu hayoyin. Gwamnati ta ɗaukaka ƙara. A Mayu 2025 Shugaba Donald Trump ya ba da umarnin a shirya wa tsofaffin sojoji 6,000 mazauni a wurin nan da 2028.

Kammalawa

Abu uku ne suka tsirar da filin nan. Na farko takarda: sharaɗin da aka rubuta a 1888 ya zama hujjar da masu fafutuka ke ɗagawa bayan fiye da shekara ɗari. Na biyu doka, domin ihun taro yakan wuce, abin da majalisa ta rubuta kuwa yakan daɗe. Na uku naci, na mutanen da suka shekara da shekaru ba su gaji ba. Tarihin ya kuma nuna cewa fili kan salwanta ta hanyar haya da aro ko da ba a sayar da shi ba, muddin waɗanda aka bar wa shi ba su amfana.

Idan gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa. Ina kira ga shugabannin ƙungiyarmu da su binciki takardun filayen da magabata suka bar wa al'umma, su yi musu rajista, su kuma tabbatar ana amfani da kowanne bisa niyyar mai bayarwa. Allah ya ba mu ikon riƙe amana, amin.