Shaƙuwar Ƙuruciya, Zaman Ɗar-ɗar da Ciwon Fargaba

Fargaba ɗabi'a ce ta ɗan Adam. Tana zama ciwo ne idan ta ɗauki watanni tana hana barci da aiki, tare da faɗuwar gaba da mugun zato. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa mutum miliyan 301 ne suka yi fama da ita a 2019.

Tushen shaƙuwa

Likitan Ingila John Bowlby ya bayyana cewa jaririn da ake amsa kukansa yakan tashi da natsuwa. Mary Ainsworth ta nazarci hakan a Yuganda a 1954 da 1955. A 1977 Robert Marvin da abokan aikinsa sun wallafa bincike kan jariran Hausawa, inda suka ga yaro kan shaƙu da mutum fiye da ɗaya a gida, amma akwai wanda ya fi gudu wurinsa. Ke nan renon kaka ko goggo, ko karar da uwa ke yi wa ɗan fari, ba aibi ba ne muddin yaro yana da madogara. Wanda ya rasa ta yakan girma da tsoron a guje shi, ko ya ƙi dogara da kowa.

Rashin jure rashin tabbas

A 1994 masana a Jami'ar Laval ta Kanada sun fito da ma'aunin wannan hali. Dukkanmu a Kazaure, Babura, Roni da Gwiwa mun san zullumin jinkirin damina, ko ɗa ya tafi cin rani wayarsa ta ƙi shiga. Wani yakan yi addu'a ya koma gona. Wani kuwa ba ya runtsawa. Bincike ya nuna mai tsoron a guje shi ya fi kasa jure irin wannan jira, kuma yawan neman tabbaci sauƙin ɗan lokaci yake bayarwa, sai fargabar ta dawo.

Abin yi

Ciwon yana da magani, ta hanyar zaman tattaunawa da ƙwararru, wani lokaci da ƙwayoyi. Muna kira ga hakimai, dagatai, limamai da jami'an ƙananan hukumomi da kada su kira shi raunin imani. A kai mai fama asibiti mafi kusa, ko asibitin masu taɓin hankali na Kazaure. Dokar lafiyar ƙwaƙwalwa da aka sanya wa hannu a Janairun 2023 ta haramta nuna masa bambanci.