Gambarar Zamani da Rayuwar Bayan Gari a Abuja

Waƙar rap, wato gambarar zamani, ta samo asali ne a unguwar Bronx ta birnin New York a shekarun 1970, cikin baƙaƙen fatar Amurka da talauci ya yi wa katutu. A 1982 Grandmaster Flash da abokansa suka mai da ita bakin talakan birni, a 1988 kuma ƙungiyar N.W.A ta fito ƙarara da zancen bindiga da ƙwaya da zaluncin 'yan sanda. Tun daga nan ake gardama: labari mawaƙin yake bayarwa, ko zuga masu ɓarna yake yi?

Wannan gardama ba baƙuwa ba ce a ƙasar Hausa. Kassu Zurmi ya yi wa 'yan tauri kiɗa, Muhammadu Gambo Fagada kuwa ɓarayi ya wasa har aka san shi da Gambu mai waƙar ɓarayi, kafin ya tuba ya ajiye kiɗan. Ɗanmaraya Jos shi ya tsaya wa marasa galihu irin su karen mota.

Don gane yadda abin yake a Abuja, sai an duba tarihin birnin: gwamnatin tarayya ta tare a can ranar 12 ga Disamba, 1991. An zana birnin ne don ma'aikatu da manya, leburorin da suka gina shi kuwa suka ƙare a Nyanya, Karu, Mararaba da Mpape. Rusau na zamanin ministan birnin Nasir El-Rufai, daga 2003 zuwa 2007, da hana acaɓa a tsakiyar gari a 2006, sun ƙara tura talaka gefe. A hanyoyin da ma'aikata ke bi safe da yamma ne fashin "wan cans" ya yi ƙamari, inda ɓarayi ke ɗaukar fasinja a tasi su yi masa ƙarƙaf.

Mawaƙan gambara na farko da suka yi suna a Abuja, irin su Modenine da Terry tha Rapman na ƙungiyar SWAT Root, sun fi ba da ƙarfi ga gwanintar sarrafa Turanci. A wajen Abuja kuwa, a 2004 Eedris Abdulkareem, haifaffen Kano, ya fitar da "Jaga Jaga" kan lalacewar ƙasa, waƙar da ta fusata shugaba Obasanjo. A Kano ma, Nazir Hausawa, wato Ziriums, ya yi "Girgiza Kai" lokacin da hukumar tace finafinai ta matsa wa mawaƙa.

Zancen titin Abuja kansa bai karaɗe ƙasa ba sai da Odumodublvck, wanda ya tashi a birnin, ya shahara a 2023. Waƙoƙinsa na burokan Turanci da Ibo cike suke da faɗan unguwa da artabu da 'yan sanda. Masu suka na da gaskiya cewa wasu baitocin sun fi kama da kirarin 'yan daba. Amma kunnen yaro kaɗai ke hannun mawaƙi; rashin aiki da tsadar haya da ke kai shi titi suna hannun hukuma.