Tarihin Auna Raɗaɗi da Maganinsa a Asibiti

Likita yana da abin auna zafin jiki, yana da na auna jini, amma har yau ba shi da na'urar da za ta nuna masa yawan raɗaɗin da majiyyaci yake ji. Babbar shaidarsa ita ce bakin mai ciwon. Likitoci kuwa sun daɗe ƙwarai kafin su yarda da wannan shaida.

Magungunan kashe raɗaɗi su suka fara samuwa. A farkon ƙarni na 19 wani mai haɗa magani a Jamus, Friedrich Sertürner, ya tace mofin daga ofiyam. A ranar 16 ga Oktoba, 1846, William Morton ya shaƙa wa wani majiyyaci tururin eta a birnin Boston na Amurka, aka yi masa tiyata yana barci. Daga nan fiɗa ta daina zama azaba. Amma duk da haka likitoci suka ci gaba da ɗauka cewa girman rauni shi ne girman raɗaɗi.

Yaƙin Duniya na Biyu ya rushe wannan zato. Wani likitan sojan Amurka, Henry Beecher, ya lura a fagen fama a Italiya cewa da yawa daga sojojin da suka ji munanan raunuka ba su nemi mofin ba, alhali farar hula masu rauni irin nasu sukan nema. A ganinsa, rauni ga soja hanyar barin bakin daga ce, ga farar hula kuwa masifa ce. A 1965 Ronald Melzack da Patrick Wall suka bayyana cewa a cikin laka akwai wata irin ƙofa da ke ƙara ko rage saƙon raɗaɗi kafin ya isa ƙwaƙwalwa, kuma tsoro da damuwa suna iya buɗe ta. Ashe mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. A 1975 Melzack ya fitar da jerin tambayoyi na Jami'ar McGill, inda majiyyaci zai zaɓi kalmar da ta dace da ciwonsa, ko suka, ko ƙuna, ko zugi. A yau akan ce masa ya ba ciwon maki daga 0 zuwa 10, yaro kuwa ya nuna hoton fuskar da ta yi kama da halinsa.

Har ila yau, an gane cewa raɗaɗi iri biyu ne. Akwai na farat ɗaya, kamar na karaya ko na bayan tiyata, wanda gargaɗi ne, yana wucewa idan rauni ya warke. Akwai kuma mai daɗewa, watau wanda ya haura wata 3, wanda shi kansa yakan zama cuta. John Bonica, wanda ya wallafa babban littafi kan wannan fanni a 1953, ya nuna cewa irin wannan ya fi ƙarfin likita ɗaya, sai an haɗa da masu gasa jiki da likitocin tunani.

Masu ciwon daji kuwa Cicely Saunders ce ta tsaya musu. A gidan jinyar da ta buɗe a Landan a 1967 ana ba su mofin a kan lokaci, ba a jira sai sun yi kuka ba. A 1986 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ɗora tsarinta a kan wannan hanya, ta yi shi hawa uku: farasitamol da ire-irensa, sannan kodin, sannan mofin. Yuganda ta bi sahu: Anne Merriman ta fara ba da mofin na sha a can a 1993, a 2004 kuma gwamnati ta ba ma'aikatan jinya da suka sami horo izinin rubuta shi.

Sai dai an kuma yi kuskure ta ɗaya ɓangaren. A 1996 aka fara sayar da OxyContin a Amurka, likitoci suka riƙa rubuta shi ga masu ciwon baya da na gaɓoɓi, bisa da'awar cewa da wuya ya kama mutum. Dubban mutane suka kamu, da yawa suka mutu, kuma a 2007 kamfanin ya amsa laifin yaudara a gaban kotu. Nijeriya ma ta hana maganin tari mai kodin a 2018 saboda yadda matasa suke shansa.

Saboda haka nauyi biyu ne a kan ma'aikacin asibiti da jami'in da ke tsara dokar magunguna. Idan aka kulle mofin don tsoron 'yan ƙwaya, mai ciwon daji da mai sikila su za su kwana suna kuka. Idan aka sake shi ba lissafi, za a haifar da wata cutar. Abin da aka koya shi ne a tambayi majiyyaci, a rubuta amsarsa, a gane irin raɗaɗinsa, a ba da magani gwargwado, sannan a komo a sake tambaya.