Daga Gimi Zuwa Wusasa: Tarihin Wata Ikkilisiyar Hausawa

A bayan ganuwar birnin Zariya, a gindin dutsen Wusasa, akwai wata majami'a ta jar ƙasa wadda ake kira Majami'ar Bartalamawus Mai Tsarki. Baƙon da ya hango ta daga nesa zai ɗauka soron wani basarake ne, gama magina Hausawa ne suka gina ta da tubali da azara, bisa ga gini irin na gargajiya. Amma tarihin jama'arta ya girmi ginin, kuma cikin wahala ya soma.

A zamanin Sarkin Kano Abdullahi, wani malami mai suna Ibrahim ya yi ta nazarin abin da aka rubuta game da Annabi Isa, har ya shiga koya wa almajiransa su girmama shi ƙwarai. Saboda wannan koyarwa aka kashe shi a kasuwar Kano. Almajiransa suka watse, waɗansu suka nufi ƙasar Ningi, aka riƙa ce da su Isawa. Ba su da Linjila a hannu, amma suka zauna da begen wata rana za a kawo musu cikakken labarin Isa.

A shekara ta 1900 Bishop Tugwell na mishan ɗin C.M.S. ya iso Kano da abokan tafiyarsa, Sarki Alu kuwa ya sallame su. Ɗaya daga cikinsu shi ne Likita Walter Miller, wanda ya zauna a birnin Zariya tun daga 1905, yana ba da magani, yana koyar da yara, yana kuma juya Maganar Allah zuwa Hausa. Shekaru suka wuce, masu ba da gaskiya ba su taka kara sun karya ba. Sai a 1913 waɗansu daga zuriyar Isawa suka zo wurinsa suna neman a karanta musu Linjila.

Aka sama musu wurin zama a Gimi, cikin ƙasar Zazzau. Suka sare daji, suka yi gonaki, suka kafa makaranta da ɗakin sujada. Wani limami baƙar fata daga tsibiran Karibiyan, Rabaran Thompson, ya zauna tare da su. Ashe wurin matattarar ƙudan tsando ne. Ciwon barci ya faɗa wa ƙauyen, ya kwashe manya da yara, har ya zama dole sauran su tashi. Ga idon mutum, aikin ya rushe ke nan.

Amma irin da ya faɗi ƙasa bai lalace ba. Yaran da suka tsira suka ci gaba da karatu a makarantar mishan ta Zariya. A 1929 mishan ya fita daga cikin birni ya koma Wusasa, inda aka gina majami'a da makaranta da Asibitin Luka Mai Tsarki. A 1932 kuma aka buga dukan Littafi Mai Tsarki da Hausa, aikin da Likita Miller ya ba da ƙarfinsa a kai shekara da shekaru.

Sujadar wannan ikkilisiya ta bi tsarin Littafin Addu'a na Angilikan, amma da harshen gida. Ran Lahadi da safe jama'a sukan durƙusa su furta zunubansu tare, a karanta Zabura, a ji karatu daga Tsohon Alkawari da Sabon Alkawari, sa'an nan kowa ya miƙe a faɗi Shaidar Bangaskiya ta Manzanni. Limami yakan ba da Jibin Ubangiji, bishop yakan zo ya ɗibiya hannu a kan waɗanda suka gama ajin tabbatarwa. Da kaka manoma sukan kawo dammunan dawa da gero su ajiye a gaban bagade don godiya. A ƙauyukan da limami bai cika zuwa ba, katikis da masu bishara ne suke riƙe da addu'ar safe da ta yamma, su koyar da masu neman baftisma, su binne matattu.

Daga wannan ƙaramar jama'a aka sami Dokta R.A.B. Dikko, likita na farko ɗan Arewacin Nijeriya, da Farfesa Ishaya Audu, wanda ya shugabanci Jami'ar Ahmadu Bello daga 1966 zuwa 1975. Janar Yakubu Gowon ma a nan ya tashi, mahaifinsa kuwa mai bishara ne. Daga baya Wusasa ta zama mazaunin bishop.

Har yanzu akwai masu cewa Bahaushe ba ya zama Kirista sai ya yar da Hausancinsa. Wannan magana takan karya zuciyar masu bi da suke zaune 'yan kaɗan a tsakiyar danginsu, ko a ƙasar Hausa ko a zangon baƙunci irin na Salaga da Yendi da Bawku. Amsarta tana tsaye a gindin dutsen Wusasa: ginin Hausawa, addu'a da Hausa, da zuriyar mutanen da suka nemi Isa tun kafin mishan ɗin C.M.S. ya iso ƙasarsu.