Suna da Hausa, lissafi da Faransanci: yaƙin neman zaɓe na 1993 da siyasar waje ta Nijar

Gabatarwa

Zaɓen shugaban ƙasa da aka yi a Nijar ranar 27 ga Fabrairu da ranar 27 ga Maris na shekara ta 1993 shi ne na farko da ƴan takara da yawa suka kara a cikinsa tun samun ƴancin kai. Masana siyasa sun yi nazarinsa ta fuskar ƙawance da yanki. A wannan maƙala za mu dube shi ta fuskar harshe. Tambayarmu ita ce: da waɗanne kalmomi jam'iyyu suka tallata kansu, kuma wane gurbi hulɗa da ƙasashen waje ta samu a cikin wannan talla? Za mu yi ƙoƙarin nuna cewa an yi rabon aiki tsakanin harsuna: an nemi ƙuri'a da harsunan ƙasa, an kuma tattauna maganar kuɗi da bashi da Faransanci. Wannan rabo ya yi tasiri a kan abin da ya biyo bayan zaɓen.

Mun ɗauki Gudal a matsayin wurin tsayuwa. Gudal tsohon gari ne na Zabarmawa a bakin Kogin Kwara, yamma da tsakiyar Yamai, wanda birni ya haɗiye ya zama unguwa. A irin wannan wuri Zabarmanci ne harshen gida, Hausa tana yawo a kasuwa da tasha, Faransanci kuma yana zaune a lakwal da ma'aikata. Gaba kaɗan da Gudal, a bakin kogin, akwai Sudure, garin da aka haifi Jori Hamani da Jibo Bakari, mutane biyu da gardamarsu ta buɗe tarihin siyasar jam'iyyu a ƙasar nan. Da su za mu fara.

1. Misalin 1958

Ranar 28 ga Satumba 1958 aka tambayi ƴan Nijar ko sun yarda su zauna cikin tarayyar da Janar De Gaulle ya shirya. Jibo Bakari, wanda ke jagorancin majalisar gwamnati tun 1957, ya ce a jefa «a'a». PPN-RDA ta Jori Hamani ta ce a jefa «i». An bayyana cewa «i» ta samu kusan kashi 78 cikin 100, bayan da gwamna Colombani ya jefa nauyin mulkin mallaka da na sarakuna a gefe guda. An haramta Sawaba a 1959.

Abin lura ga mai nazarin harshe shi ne, a 1958 maganar hulɗa da Faransa ita ce kanta abin da ake jayayya a kai, kuma an samo mata kalma da alama da talaka ke ganewa. Kalmar «sawaba» ta riga ta yi aiki a Kano, inda NEPU ta fitar da sanarwarta mai wannan suna a 1950. Tana ɗauke da ma'anar sauƙi da hutawa daga wahala, don haka manomi na iya haɗa ta da haraji, da aikin tilas, da zaluncin dogarai. Raƙumi ya tsaya wa Sawaba, giwa ta tsaya wa RDA. Wanda bai taɓa shiga lakwal ba ya san bambancin dabbobin nan biyu, ya kuma san abin da kowace ke nufi game da zaman Turawa.

2. Sunayen 1993

Babban Taron Ƙasa ya zauna daga 29 ga Yuli zuwa 3 ga Nuwamba 1991 ƙarƙashin jagorancin André Salifu, aka naɗa Amadu Shaifu firaminista na riƙon ƙwarya, aka amince da sabon tsarin mulki ranar 26 ga Disamba 1992. Mutum takwas suka tsaya takara. A zagaye na farko Tanja Mamadu na MNSD-Nasara ya samu kusan kashi 34 cikin 100, Mahaman Usman na CDS-Rahama kusan 27, Mahamadu Isufu na PNDS-Tarayya kusan 16, Mumuni Adamu Jarmakwai na ANDP-Zaman Lahiya kusan 15. Sauran huɗun sun fito daga UPDP-Shamuwa, da PPN-RDA, da PSDN-Alheri, da UDFP-Sawaba, wadda Jibo Bakari da kansa ya tsaya mata bai kai kashi 2 ba.

Kusan kowane suna a wannan jeri gida biyu gare shi. Gida na farko baƙaƙe ne na Faransanci, wanda ke faɗin aƙida: dimokuraɗiyya, gurguzu, ci gaba, al'ummar raya ƙasa. Gida na biyu kalma ce ta Hausa, ita ce kuma ke fita a bakin jama'a. Za a iya yin lura uku a kanta.

Ta farko, yawancin kalmomin asalinsu Larabci ne: nasara, rahama, lahiya, alheri, sawaba, har da amana ta UDPS. Kalmomi ne na addu'a da gaisuwa, kuma da yawa daga cikinsu Zabarmanci da Fillanci da Barbarci su ma sun aro su ta hanyar addini. Saboda haka mutumin Gudal ba ya jin su a matsayin baƙi. Jam'iyyar Jarmakwai, wadda ƙarfinta ke Doso, ta ɗauki suna na Hausa ba tare da ta ji tsoron rasa Zabarmawa ba. «Tarayya» da «shamuwa» ne suka fita daban: ta farko daga aikatau «tara» ta fito, ita ce kuma mafi kusa da fassarar aƙidar jam'iyyarta; ta biyu tsuntsuwa ce mai bushara da damina.

Ta biyu, babu ɗaya daga cikin kalmomin da ke da kishiya da wani zai yarda ya ɗauka. Ba wanda zai ce shi yana adawa da rahama ko da zaman lafiya. «A'a» ta 1958 tana raba mutane gida biyu a kan wata manufa; sunayen 1993 suna tara mutane ne bayan wani mutum. Shi ya sa laƙabi ya yi ƙarfi: Isufu ya zama Zaki, Usman ya zama Nafarko, Tanja daga baya ya zama Baba Tanja.

Ta uku, rubutun sunayen ya nuna wanda aka rubuta dominsa. An rubuta Nassara da s biyu, an rubuta Chamoua, daga baya Tchanji, bisa ƙa'idar Faransanci, alhali ƙasar tana da daidaitacciyar ƙa'idar rubutun Hausa. Fosta da takardar manufa na ƴan boko ne. Sauran jama'a, waɗanda masu iya karatu a cikinsu ba su kai kashi 20 cikin 100 ba, kunne aka nufa da su, ta bakin maroƙa da mawaƙa da lasifika, da ido kuma ta launin atamfa.

3. Gardamar magoya baya

Kalma ɗaya ce ta ɗauki nauyin gardama, ita ce «canji». Bayan zaɓen ƴan majalisa na 14 ga Fabrairu 1993, inda MNSD ta samu kujera 29 cikin 83, CDS 22, PNDS 13, ANDP 11, jam'iyyun ƙawancen AFC suka haɗa kujera 50. A zagaye na biyu suka mara wa Usman baya, ya ci da kusan kashi 54 cikin 100.

Hujjar ƴan canji ita ce MNSD jam'iyyar gwamnati ce da aka kafa a 1989 ƙarƙashin Ali Saibu, magajiyar mulkin soja. Suna tuna wa jama'a ɗaliban da aka harbe a gadar Kennedy ranar 9 ga Fabrairu 1990, da abin da ya faru a Cintabaraden a watan Mayu na wannan shekara, lokacin da Tanja ke ministan cikin gida. Ƴan Nasara kuma suna cewa su ne suka san aiki, suna tuna zamanin Seni Kunce da rumbunan tsimi da tsare dukiyar ƙasa. A ganinsu AFC taron mutane ne da ba abin da ya haɗa su sai ƙin mutum ɗaya, kuma CDS jam'iyyar Damagaram ce da ta tsiro daga ƙungiyar AMACA. Kowane ɓangare yana da gaskiya a wani wuri. Amma duka hujjojin biyu baya suke kallo, cikin gida kuma suka tsaya. Gardama ce a kan wanda ya cancanci riƙe baitulmali. Daga ina kuɗin baitulmalin za su fito, wannan tambaya ba ta samu taken da za a rera a filin taro ba.

4. Abin da aka bar wa Faransanci

A lokacin kuwa, rayuwar gwamnati tana hannun ƙetare. Kuɗin yuraniyom sun faɗi tun farkon shekarun 1980, Nijar ta shiga yarjejeniya da Asusun Lamuni na Duniya a 1983, ma'aikata suna bin bashin albashi na watanni. Babban Taron Ƙasa, bisa matsin ƙungiyar ƙwadago ta USTN da ta ɗalibai USN, ya ƙi amincewa da shirin tsuke bakin aljihu. Masu ba da rance suka ja hannu.

A cikin wannan ƙunci ne gwamnatin Amadu Shaifu ta amince da Taiwan a watan Yuni 1992, ta samu rance daga can. Ƙasar Sin, wadda Kunce ya ƙulla hulɗa da ita a 1974, wadda kuma ta gina babban filin wasa na Yamai, ta yanke hulɗa a ƙarshen Yuli. Wannan shi ne mataki mafi girma da aka ɗauka a siyasar waje cikin watannin da suka gabaci zaɓe. Ya tayar da ƙura a tsakanin hukumomin riƙon ƙwarya da kuma a shafukan jaridu, irin su Haské da Le Républicain, waɗanda aka kafa a 1990 da 1991. Jaridun nan da Faransanci suke fita, a Yamai ake sayar da mafi yawansu. Gidajen rediyo masu zaman kansu ba su fara aiki ba sai bayan zaɓe. Mai sauraren Hausa yana da Muryar Sahel ta gwamnati, da BBC da Muryar Amurka da Muryar Jamus, waɗanda ke kawo labari amma ba su ne filin da ɗan takara ke ɗaukar alkawari ba.

Ba mu ce Hausa ko Zabarmanci sun kasa ɗaukar wannan magana ba. Harshen da ke da bashi, da jingina, da lamuni, da adashi, da riba, da kuɗin ruwa, ba ya rasa yadda zai bayyana sharaɗin mai ba da rance. Alhazan Maraɗi da ƴan canjin kuɗi na bakin iyaka sun fi ma'aikata da yawa sanin yadda darajar sefa ke tafiya da ta naira tun bayan da Najeriya ta karya darajar kuɗinta a 1986. Abin da aka rasa shi ne ɗan siyasar da ke da moriya a faɗin maganar. Wanda ya ce zai sa hannu da Asusun Lamuni ya rasa ƴan ƙwadago da ɗalibai; wanda ya ce ba zai sa ba ya rasa masu ba da rance. Faransanci ya ba da damar a yi magana da ofisoshin jakadanci, Hausa ta ba da damar a yi addu'a da talakawa, ba tare da kunnuwan biyu sun haɗu ba.

5. Sakamako

Lissafin bai daɗe ba ya iso. A watan Agusta 1993 aka daina sayen takardun sefa da aka fitar wajen yankin kuɗin. A watan Satumba firaministan Faransa Balladur ya sanar cewa taimakon ƙasarsa sai ga wanda ya daidaita da Asusun Lamuni. Ranar 11 ga Janairu 1994, a Dakar, aka karya darajar sefa da rabi: faran ɗaya na Faransa, wanda yake sefa 50, ya koma 100. Gwamnatin da ƴan ƙwadago suka taimaka ta hau ta sa hannu da Asusun a 1994, yajin aiki ya biyo baya. A bakin jama'a kuma wata kalmar Hausa ta zo ta zauna kusa da «canji», ita ce «wasoso», wadda aka riƙa kiran rabon muƙamai tsakanin jam'iyyun ƙawance da ita.

Isufu ya sauka daga muƙamin firaminista a watan Satumba 1994, PNDS ta haɗa kai da MNSD, zaɓen Janairu 1995 ya kawo Hama Amadu a matsayin firaminista, shugaban ƙasa da shugaban gwamnati suka shiga takun saƙa. Ranar 27 ga Janairu 1996 Kanar Ibrahim Bare Mainasara ya kifar da Jamhuriya ta Uku. A watan Agusta na wannan shekara aka maido da hulɗa da Sin. Bashin Taiwan bai tafi tare da jakadanta ba: bankin da ya ba da shi ya kai Nijar ƙara a kotun New York. An shiga wannan hulɗa an fita ba tare da an taɓa neman ra'ayin mai ƙuri'a ba.

Kammalawa

Rashin jituwar shugabanni da raunin tsarin mulki su ne suka kayar da Jamhuriya ta Uku kai tsaye, ba ma musun haka. Abin da muka ƙara shi ne, gwamnatin da aka zaɓa da «canji» da «rahama» ba ta da wata magana da ta riga ta yi da jama'a da za ta dogara a kanta ranar da kuɗin shinkafa da na magani suka tashi. Kusan kashi ɗaya cikin uku na masu rajista ne ma suka fita jefa ƙuri'a a 1993.

Salon suna mai gida biyu ya ci gaba: RDP-Jama'a, MODEN-Lumana, MPR-Jamhuriya, RDR-Canji. Bayan juyin mulkin 26 ga Yuli 2023 maganar hulɗa da Faransa ta koma titi, da Hausa da Zabarmanci, kamar yadda ta kasance a 1958. Sojojin Faransa suka fita a Disamba 2023. A watan Maris 2025 aka rusa jam'iyyu, sabon kundin mulki kuma ya ɗaukaka Hausa ta zama harshen ƙasa. Ke nan siyasar waje ta samu harshen jama'a a daidai lokacin da babu akwatin zaɓe.

Aikin da ke gaban sashenmu a fili yake. Kaset-kaset na waƙoƙin jam'iyyu da jawaban 1993 suna lalacewa a hannun masu su, waɗanda suka yi tafinta a tarurruka kuma suna tsufa. Ya kamata ɗalibanmu su tattara su, su rubuta su bisa ƙa'ida, su ƙidaya kalmomin bashi da rance da ke cikinsu. Da wannan ne za a auna ƙarfin hasashen da muka gabatar a nan, a tabbatar da shi ko a gyara shi.