Wariyar Jinsi

wariyar jinsi (suna, mace): Tauye wa mutum haƙƙi ko dama saboda kasancewarsa namiji ko mace, mata ne abin ya fi shafa. Masu kare ta kan ce halitta ce ta ware wa kowa aikinsa. Gaskiya ne jikin namiji da na mace sun bambanta, amma da halitta ce ta shata iyakar, da ba ta riƙa sauyawa daga ƙasa zuwa ƙasa ba. Matan Niyu Zilan sun samu 'yancin zaɓe tun 1893, na Suwizalan kuwa sai 1971. Saudiyya ta hana mata tuƙin mota har 2018, alhali matan maƙwabtanta suna tuƙi. Doka da al'ada ne suka shata waɗannan iyakoki.