Kwalbar Inabi ta Gidan Biki: Rigar Aro Daga Italiya

Duk wanda ya halarci dinar biki a Gyaɗi-Gyaɗi ko Tarauni a 'yan shekarun nan ya san kwalbar nan doguwa mai wuyan gwal, wadda in an buɗe ta take yin ƙara, kumfa ta taso. Yanzu ba sai an je kanti ba. Uwar amarya ta ga hoto a WhatsApp, ta tura kuɗi, ɗan aike ya kawo katan har ƙofar gida. Yawanci abin da ke ciki ruwan inabi ne zalla mai gas. Amma rigar da kwalbar ta saka aro ce daga giya, kuma sanin tarihin aron nan na iya tsare mai saye.

Asalin siffar daga yankin Shamfen na Faransa ne, inda ake barin ruwan inabi ya tsima cikin kwalba har ya tara iska. Ƙarfin iskar ne ya sa ake yin kwalbar da kauri, a ɗaure murfin da waya. Wani Ba'italiye, Carlo Gancia, ya koyo sana'ar a birnin Reims, ya koma gida, a 1865 ya fitar da irin tasa a garin Canelli da inabin Moscato mai zaƙi. A 1895 Federico Martinotti ya ƙirƙiro hanyar tsima ta cikin manyan tankuna, aiki ya yi sauri, farashi ya sauko. Da wannan hanya ake yin Asti da Prosecco, giyar da arharta ta kai ta ko'ina a duniya.

Ruwan inabi marar maye kuwa tarihinsa daban ne. A 1869 wani likitan haƙori a Amurka, Thomas Welch, wanda ya ƙi jinin barasa, ya bi dabarar Louis Pasteur ta ɗumama abin sha don kashe ƙwayoyin da ke sa shi tsima. Ruwan ya zauna da zaƙinsa bai juye ba. Daga baya 'yan kasuwa suka ɗura masa gas, suka sanya masa rigar Shamfen.

A Kano an daɗe da shata iyaka tsakanin biyun. Addini ne ya fara, sannan yarjejeniyar Brussels ta 1890 ta taƙaita shigo da barasa mai ƙarfi sassan Afirka, kuma bayan cin Kano a 1903 Turawa suka hana sayar wa 'yan ƙasa barasar ƙetare. Cinikinta ya fi tattaruwa a Sabon Gari. Jihar ta ƙaddamar da Shari'a a 2000, aka yi dokar Hukumar Hisba a 2003, kuma a Nuwamban 2013 hukumar ta farfasa kwalaben giya dubu 240 a bainar jama'a. Saboda haka kwalbar da ta shiga gidajen bikinmu, kusa da zoɓo da kunun aya, ta Welch ce, ba ta Gancia ba.

Matsalar ita ce a hoton waya duk kamanninsu ɗaya. Moscato d'Asti zaƙi gare ta kamar lemo, alhali barasarta ta kai kashi 5 cikin 100. Ta Prosecco ta kai wajen kashi 11. Ga kuma nau'i na uku: giyar da aka tsima sannan aka janye barasarta. Tarayyar Turai ta amince da ita a 2021, Italiya ta ba da izinin yin ta a ƙarshen 2024. Irin wannan kan rage da barasar da ba ta wuce rabin kashi ɗaya ba, kuma malamai sun saɓa a kan hukuncinta.

Don haka kafin ki tura kuɗi, Hajiya, ki ce a ɗauko miki hoton bayan kwalbar. A Italiyanci "succo d'uva" ruwan inabi ne, "vino" giya ce, "dealcolato" kuwa wadda aka janye wa barasa. Ki duba adadin da ke gaban alamar kashi, ki duba lambar NAFDAC da ranar lalacewa. Baƙin da za su sha ba za su karanta ba. Amanarsu tana hannun wadda ta yi oda.